Mako goma ina jan jijiyar wutsiyar ɓera

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin karatu a Amurka, kana tambaya ko ka nemi aikin bincike a hutun bazara ko ka huta abinka. Ka nema. Amma kada ka shigo da zaton za ka gano maganin wata cuta kafin a koma aji.

Ɗakin binciken da na shiga, jijiya suke nazari, wadda ke haɗa tsoka da ƙashi, irin agara da ke bayan diddige. Tambayarsu guda ce: me ke samunta in aka yi ta labta mata nauyi ba hutu? Aikina in zaro silin jijiya daga wutsiyar ɓera, fari fat, siriri kamar zaren ɗinki, in maƙala shi a na'ura ta riƙa ja tana saki sau dubbai. Dole ya zauna cikin ruwan gishiri, yana bushewa aikin yini ya tashi a banza. Mako biyun farko kuwa, kusan duk wanda na maƙala sai ya sulluɓe daga bakin na'urar. Har kunyar nuna littafina nake ji, sai shugabar ɗakin ta ce in rubuta kowane sulluɓewa da lokacinsa.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne abin da na gani a madubin ƙara girma. Zaren kolajin, wato furotin da aka gina jijiya da shi, a lanƙwashe yake. In ka ja shi kamar kashi 2 cikin 100 na tsawonsa, sai ya miƙe. Ya wuce kashi 4, ƙananan zaruruwa sun fara yagewa, alhali a ido lafiya lau yake. Ga shi jini bai cika ratsa jijiya ba, shi ya sa warkewarta ke da nawa, mai gudu ya yi watanni yana ɗingishi.

Batun nema: shirin REU, wato binciken hutun bazara na ɗaliban digirin farko da hukumar tallafa wa kimiyya ta Amurka (NSF) ke ɗaukar nauyi, na 'yan ƙasar ne da masu katin zama na dindindin, kada ka ɓata lokacinka a can. Tun watan Janairu ka rubuta wa malamin jami'arku kai tsaye, bayan ka karanta aikinsa ko guda ɗaya. Kafin ka karɓi ko sisi, leƙa ofishin ɗaliban ƙasashen waje su duba maka sharuɗɗan bizarka ta ɗalibi, wato F-1.