Filin Tambayoyinku: Sau biyu ana bani tallafi, har yanzu ina nan inda nake

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ni matashi ne ɗan shekara 27, shan inna ta taɓa min ƙafafu tun ina ƙarami, da keken guragu nake yawo. Na koyi gyaran waya kuma alhamdulillah na iya. Sau biyu wata ƙungiya tana bani tallafin kayan aiki, sau biyun kuma ba a rufa wata shida ba na sayar da su, na farko rashin lafiya ce ta kwantar dani, na biyu kekena ne ya karye. Yanzu ƴan uwa gani suke ni ne bana tattali, abin na min ciwo wallahi. Wani abokina yace in je in ci bashin banki in buɗe babban shago kawai. Anti in ci ko kar in ci? Daga ƙaninki mai gyaran waya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Bashin nan dai ka dakata tukuna, zan dawo kansa. Bari in fara da maganar ƴan uwa don naga ita ce tafi tsaya maka a rai.

Ba rashin tattali bane ya cinye maka jari. Akwai wani masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, wanda ya ci kyautar Nobel a 1998, shi ya fito da bayanin nan sarai, cewa nakasa ta fuska biyu take cin mutum. Samun kuɗi ya fi masa wahala, wannan kowa ya sani. Wanda mutane basa lura da shi shine kuɗin da ya samu ɗin ma basa kai shi inda suke kai mai lafiya. Ka ɗauka kai da abokin sana'arka kun samu ciniki iri ɗaya yau, shi zai taka da ƙafa ya je gida ko ya maƙale a motar haya, kai kuwa sai ka nemi wadda zata ɗauke ka da kekenka, ga taya ga gyara, ga wanda zai hau bene ya sayo maka kaya ka bashi na ruwa, ga asibiti, kafin dare rabin ribar ta tafi alhali ko alawa baka saya ba. To wanda ya baka kayan aiki ya ɗauki hoto ya tafi bai yi wannan lissafin ba, ƴan uwa ma basu yi ba. Kuma ba kai kaɗai bane, Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2022 tace mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da nakasa, wato ɗaya cikin shida, lissafin da ake tsallakewa kenan a kan wannan ɗimbin jama'a.

Abin da yasa nake cewa matsalar daga tsarin tallafin take, akwai inda aka gwada wata hanya daban. Ƙungiyar BRAC ta ƙasar Bangaladash ta fara wani shiri a 2002 na fitar da matalauta tuburan daga talauci. Basa miƙa maka jari su juya baya. Zasu baka abin sana'a, su koya maka, su haɗa maka da ɗan abin kashewa na wasu watanni don kar yunwa ta sa ka sayar da jarin, su sa ka fara ajiya, kuma wani ya riƙa leƙo ka akai-akai har wajen shekara biyu. A 2015 aka fitar da sakamakon gwajin irin wannan shirin a ƙasashe shida, Habasha, Gana, Honduras, Indiya, Pakistan da Peru, aka ga a mafi yawansu mutane sun ci gaba da tsayawa da ƙafarsu har shekara guda bayan an janye hannu. A Honduras ne abin bai yi armashi ba, kaji aka raba kuma cuta ta kashe da yawa. Shirin na matalauta ne gaba ɗaya ba na nakasassu kaɗai ba, amma ka duba da kyau, abubuwan da suka haɗa ɗin nan su ne daidai abin da kai ka rasa sau biyu.

Tunda babu mai haɗa maka, kai zaka haɗa wa kanka. Duk abin da ya shigo ka raba shi tun a ranar, na jari daban, na kashewa daban, sai kuma na keke da lafiya, wannan na ukun ka ɗauke shi tamkar kuɗin haya ne, dole ne, ko yaya ciniki yake sai an cire. In kana tsoron hannunka ka shiga ƙungiyar ajiya da lamuni irin wadda mutum goma sha biyar zuwa talatin ke zuba kuɗi duk sati suna ranta wa junansu. Ƙungiyar CARE ce ta fara tsarin a Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, yanzu ya bazu ƙasashe da dama kuma har maza na yi. Abin da ya fi burge ni a ciki shine suna ware ɗan asusu na musamman don wanda larura ta faɗa wa, kaga ranar da keke ya karye can zaka nufa, kayan aikinka na nan.

Sai bashi. Bashi bai san kana kwance ba, ranar biya in tazo tazo, kuɗin ruwa kuma basa zuwa dubiya. Babban shago kuma haya ce da wuta da kaya tun kafin kwastoma ɗaya ya shigo. Ni dai shawarata ka nemi ɗan gefe a shagon wani ka ajiye teburinka, wurin da kekenka zai shiga ba sai an ɗaga ka ba, ka sayi littafi ka riƙa rubuta abin da ya shigo da wanda ya fita na wata shida. In littafin ya nuna zaka iya biya ko da ka kwanta sati biyu, to ka ci ɗan kaɗan don kayan da ka san suna fita. Littafin nan kuma shi zaka nuna wa ƴan uwan.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ƴata makauniya ce, shekararta 22, tana saƙa kuma ana saye sosai. Ni nake karɓar kuɗin in ajiye mata don tsoro nake kar a cuce ta. Yanzu ta dage sai an buɗe mata asusun banki nata na kanta, har fushi take yi dani. Dan Allah ba haɗari bane? Daga wata uwa.

AMSA: Lafiya lau Mama, Allah ya saka miki da alheri kan ɗawainiya. Amma kiyi haƙuri, a wannan karon ina bayan ƴarki. Wadda ta iya ƙirga ido a saƙa ba tare da ta gani ba, ƙirga kuɗinta ba zai gagare ta ba. Kuma haƙƙinta ne, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu ta 2006, sashe na 12, ta faɗi ƙarara cewa suna da damar mallakar dukiya da juya kuɗinsu da karɓar rancen banki kamar kowa.

Wayar hannunta ma zata iya karanta mata komai da murya, in Android ce akwai TalkBack, in iPhone ce akwai VoiceOver, a kwamfuta kuma akwai NVDA kyauta, wanda wasu makafi biyu ƴan Ostireliya suka gina. Ta sa abin kunne in zata duba asusu don kar na kusa ya ji, lambar sirri kuma ta haddace ta a kai, kar ta faɗa wa kowa, har ke Mama, kar ki ji haushi. Kwastomomi su riƙa turo mata ta asusu, hakan ma ya fi kuɗin hannu tsaro tunda wayar zata faɗa mata nawa ya shigo, babu mai miƙa mata ƙaramar takarda yace babba ce.

Zata iya yin kuskure? Sosai ma, mu masu ido wa ba a taɓa damfara ba. Gara ta yi shi yanzu da ɗan kaɗan kina kusa. Ki raka ta bankin, in ma'aikaci ya juyo yana tambayarki ke, ki nuna masa ita kice ga mai asusun nan.