Furen rawaya da ke fitowa a gindin duwatsu bayan gobarar daji

Tambaya: Wani manomi daga yankin Doguwa, kusa da dajin Falgore, ya ce a watan Janairu yakan ga wani babban fure mai ruwan ɗorawa kwance a ƙasa a gonarsa ta gindin dutse, babu ganye babu kara, yana son ya san ko mene ne, kuma ko zai cutar da amfanin gona.

Amsa: Bisa wannan siffa, tsiron da ake kira rawaya ne, wanda masana ke kira Cochlospermum tinctorium, kuma yana fitowa a dazuzzukan tuddai da ƙasar marmara tun daga Sanagal har zuwa Sudan. Babbar alamarsa ita ce lokacin da yake fure, domin a tsakiyar rani yake fitowa, musamman bayan wuta ta cinye ciyawa, kuma daga saiwar da ke cikin ƙasa furen yake tsirowa tun kafin a ga ganye ko ɗaya. Kunnuwansa biyar ne, faɗinsa ya kusa tafin hannun yaro, da siraran gashi masu yawa a tsakiya. Ganyen sai da damina yake zuwa, a rarrabe kamar yatsu. Idan 'ya'yan suka bushe sukan tsage, a ga irin a lulluɓe da farin kaɗa.

Don a tabbatar, a kankare gefen saiwar da wuƙa. Idan cikinta rawaya ne har yana rina yatsa, to shi ne. Akwai ɗan'uwansa da yakan kai tsayin mutum, amma shi a kan kara mai ganye yake fure wajen ƙarshen damina. Tafasa da rai-ɗore kuwa furensu ƙanana ne, ba za a rikita su da shi ba.

Tsiron rawaya ba ya shaƙe hatsi, saboda haka a ganina sayen maganin feshi dominsa asarar kuɗi ce, tunda ko garma ta yanke shi saiwar za ta sake tofowa. Da wannan saiwa ake rina zare da tufafi, ana kuma jiƙa ta don maganin ciwon shawara, sai dai wanda idonsa ya canja launi asibiti ya kamata ya fara zuwa. Mai haƙa don sayarwa ya riƙa barin wani sashe na saiwar a ƙasa, ya mayar da ƙasa ya rufe ramin.