Tambaya da Amsa: Shin Kirista Yana Yi wa Mamaci Addu'a?

Tambaya: Mahaifiyarmu ta rasu watanni biyu da suka wuce. Ni ɗan ECWA ne, amma ƙanena ya shiga Katolika tun da ya yi aure, kuma ya kai sunanta wurin Fada, wato firist ɗinsu, domin a yi mata Mas, babbar sujadar Katolika, ya ce in zo. Fastonmu kuwa ya ce wanda ya mutu tasa ta ƙare, addu'a ba ta ƙara masa kome. Me ya raba su alhali dukkansu Kiristoci ne, kuma yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya ba ku haƙurin wannan rashi. Kafin a zo ga abin da ya raba fastonka da ƙanenka, ya kamata ka san cewa abin da suka yarda da shi tare ya fi yawa. Dukkansu sun gaskata cewa mutuwa ba ita ce ƙarshen mutum ba, cewa akwai tashin matattu da shari'a, kuma babu mai samun ceto sai ta wurin Almasihu. Haka nan dukkansu sun yarda cewa makomar mutum tana tabbata ne a lokacin mutuwarsa. Mutane da yawa suna zaton 'yan Katolika suna addu'a ne domin su fitar da mamaci daga wuta, amma ikilisiyar Katolika ba ta koyar da haka ba. A wurinta ma, wanda ya hallaka ya hallaka.

Saɓanin yana kan wanda ya mutu cikin bangaskiya. Katolika ta ce mutum yana iya mutuwa yana na Allah, amma da sauran dauɗar ƙananan zunubai ko alhakin da bai gama saukewa ba, kuma tunda babu abu marar tsarki da zai shiga gaban Allah, sai a fara tsarkake shi. Wannan hali na tsarkakewa shi ake kira Furgatori, kuma duk wanda yake cikinsa ya riga ya tsira, jira kawai yake yi. An tabbatar da koyarwar a taron bishof-bishof na Fulorens a 1439, aka sake jaddada ta a na Tirent a 1563. Mas ɗin da ƙanenka ya nema roƙo ne cewa Allah ya kammala wannan aiki ga mahaifiyarku, kuma saboda irin wannan roƙo ne suka keɓe ranar 2 ga Nuwamba ta kowace shekara domin tunawa da dukkan masu bi da suka rasu.

Babbar hujjarsu tana cikin littafin Makabiyawa na biyu, sura ta 12. An ba da labari cewa bayan wani yaƙi, sama da shekara 160 kafin haihuwar Almasihu, Yahuza Makabi ya tarar da layun gumaka a ƙarƙashin rigunan sojojinsa da aka kashe, sai ya tara kuɗin azurfa dirakma 2,000 ya aika Urushalima a miƙa hadaya saboda zunubinsu, marubucin kuma ya yaba masa. Idan ka buɗe Littafi Mai Tsarki da kuke karantawa a ECWA ba za ka ga wannan labari ba, domin naku littattafai 66 ne, na Katolika kuwa 73, kuma Makabiyawa na cikin bakwai ɗin da suka ƙaru. A nan ne jijiyar gardamar take, domin mutum biyu da ba su yarda da shaida ɗaya ba, da wuya su yanke hukunci ɗaya. Suna kuma kawo 1 Korintiyawa 3:15, inda Bulus ya yi maganar wanda aikinsa zai ƙone amma shi ya tsira kamar ta cikin wuta, da 2 Timoti 1:18, inda ya roƙa wa Onisifaras jinƙai a ranar shari'a, ko da yake nassin bai faɗa a fili cewa mutumin ya riga ya mutu ba.

Al'adar kanta tsohuwa ce ƙwarai. Tatuliyan, wani malamin ikilisiya na birnin Kataj, a ƙasar da yau ake kira Tunisiya, ya rubuta a farkon ƙarni na 3 cewa Kiristoci suna miƙa baiko kowace shekara saboda matattunsu, kuma lokacin da Monika, mahaifiyar shahararren malamin ikilisiya Agustin, take bakin mutuwa a Ostiya a shekarar 387, ta ce wa 'ya'yanta su binne ta ko'ina, abin da take roƙo kawai shi ne su riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji. Ikilisiyoyin Otodoks na Girka da Rasha ba su karɓi Furgatori yadda Roma ta fayyace shi ba, amma har yau suna yi wa mamaci addu'a a rana ta uku da ta tara da ta arba'in.

Matsayin fastonka ya samo asali ne daga gyaran da Martin Luta ya fara a Jamus a 1517. A lokacin ana sayar da takardun sassauta hukunci domin tara kuɗin ginin majami'ar Bitrus a Roma, har masu wa'azi irin su Yohan Tetzel suna sa talakawa su ɗauka cewa da zarar kuɗi ya faɗa akwati, ran iyayensu ya fita daga azaba. Daga ƙin wannan ciniki aka kai ga ƙin koyarwar gaba ɗayanta, bisa hujjar cewa mutuwar Yesu a kan gicciye ta biya bashin duka. Masu bin wannan gyara suna kafa hujja da ɓarawon da Yesu ya yi wa alkawarin Firdausi a ranar nan take, a Luka 23:43, da Bulus da ya ce tashi daga duniya zama ne tare da Almasihu, a Filibiyawa 1:23. Wannan gado ne ECWA da COCIN da Baftis suka karɓa, shi ya sa jana'izarku sujadar godiya ce da ta'azantar da masu rai, ko da yake na sha jin dattawanmu suna cewa "Allah ya jiƙanta" a wurin gaisuwa ba tare da sun lura cewa addu'a ce ga mamaci ba.

A ganina, ayar da aka fi jifan Katolika da ita, wato Ibraniyawa 9:27 mai cewa sau ɗaya mutum yake mutuwa sannan shari'a, ba ta rushe koyarwarsu ba, tunda ba su ce akwai dama ta biyu ba. Amma kuma gaskiya ce cewa babu inda Sabon Alkawari ya umarci a yi wa matattu addu'a, don haka wanda ya tsaya a kan Nassi kaɗai yana da dalilin ƙi.

Game da gayyatar kuwa, ba na ganin zuwa ya zama musun bangaskiyarka. Za ka iya zama kusa da ƙanenka, ka gode wa Allah saboda ran mahaifiyarku, ka yi shiru a wurin da lamirinka bai yarda ka ce amin ba. Ka sanar da fastonka tukuna domin kada ya ji a bakin wani, kuma idan an zo rabon Jibin Ubangiji ka zauna a kujerarka, domin a ƙa'idar Katolika galibi 'ya'yanta kaɗai ake ba shi.