Tambaya da Amsa: Zaƙulo littattafan Hausa daga kundin XML

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a ɗakin karatu na wata kwaleji, kuma kundin littattafanmu yana cikin fayil ɗin XML (wani tsarin adana bayanai a kwamfuta), inda kowane littafi yake ɗauke da siffar da ke nuna harshensa, kamar haka: <littafi harshe="ha">. Na so in fitar da na Hausa kaɗai ta hanyar XSLT (yaren sarrafa fayilolin XML), sai na rubuta select="littafi[@harshe=ha]", amma shafin ya fito fayau ba littafi ko ɗaya, kuma kwamfutar ba ta nuna mini wani kuskure ba. Ina matsalar take? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Saura ƙiris ki dace, domin alamar @ da kika sa tana nufin siffa, kuma sharaɗin yana cikin baka mai kusurwa kamar yadda ya kamata. Abin da ya ɓace shi ne alamar ɗauko zance a gefe da gefen ƙimar. Ga yadda za ki rubuta: select="littafi[@harshe='ha']". Tun da alama mai ƙwaya biyu ta riga ta kewaye dukkan umarnin, wajibi ne ta ciki ta zama mai ƙwaya ɗaya.

Dalilin shirun da kwamfutar ta yi miki ya cancanci bayani. Abin da ake rubutawa cikin select yaren XPath ne, wanda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar tare da XSLT 1.0 a watan Nuwamban 1999. A wannan yaren, duk kalmar da ta zo tsirara ba a ɗaukarta a matsayin rubutu, ana ɗaukarta ne a matsayin sunan wani tag, wato sunan da ake sawa tsakanin < da >, kamar littafi. Saboda haka injin da ke aiwatar da XSLT ya fahimci cewa kina neman littafin da siffarsa ta harshe ta yi daidai da abin da ke cikin wani tag mai suna ha a ƙarƙashinsa. Ya duba bai samu irin wannan tag ɗin ba, sharaɗin ya zama ƙarya ga kowane littafi, shi kuma a wurinsa dawowa hannu rabbana ba laifi ba ne. A ganina wannan halin ne ya fi wahalar da masu koyo, domin mutum zai wuni yana zargin fayil ɗinsa alhali lafiyarsa ƙalau.

Idan kin gyara kuma wasu littattafan suka maƙale, ki duba yadda aka shigar da su, domin XPath yana bambanta babban harafi da ƙarami, wato "HA" dabam "ha" dabam. XSLT 2.0, wanda ya fito a 2007, yana da lower-case() da ke daidaita su, amma idan xsltproc kike amfani da shi, wato wani injin aiwatar da XSLT wanda ya tsaya a kan 1.0, sai ki koma ga translate(@harshe,'HA','ha')='ha'.

Akwai kuma wani rami da ke jiranki ranar da za ki nemi littattafan da ba na Hausa ba. Hannu zai yi saurin rubuta littafi[@harshe!='ha'], kuma zai kawo miki na Larabci da na Turanci, sai dai zai tsallake duk littafin da aka manta ba a sa masa siffar harshe ba, tun da babu ƙimar da za a kwatanta. A kundin da mutane da yawa suka yi shekaru suna cikawa, ba a rasa irin waɗannan. Wanda zai haɗa da su shi ne littafi[not(@harshe='ha')], idan kuma marasa siffar kaɗai kike son gani domin ki cike musu, sai ki rubuta littafi[not(@harshe)].