Ku Tambaya, Mu Amsa: Ta Yaya Mai Bi Zai Buɗe Baki a Damagaram?

Wasiƙun da suka iso mana daga Zinder a wannan wata kusan duk kan abu ɗaya suke, wato shaidar Yesu Almasihu a tsakanin maƙwabta da abokan sana'a. Mun zaɓi huɗu.

TAMBAYA: Ni tela ne a Zango. Shekara tara ke nan muna ɗinki a rumfa ɗaya da abokan sana'a huɗu, dukansu Musulmi. Sun san ina zuwa majami'a ranar Lahadi, amma ban taɓa ce musu uffan a kan Yesu ba. Da na yi niyyar magana sai in tuna Janairun 2015, jikina ya yi sanyi. Rashin bangaskiya ne ke damuna?

AMSA: Ɗan'uwa, wanda ya ga hayaƙin majami'un da aka ƙona a Zinder ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 ba za a kira shi matsoraci don gabansa na faɗuwa ba. Manzo Bulus da kansa ya shaida wa Korintiyawa cewa da tsoro da rawar jiki ya zo wurinsu (1 Korintiyawa 2:3), kuma daga kurkuku ya roƙi Afisawa su yi masa addu'a ya iya yin magana gabagaɗi. Abin da ake roƙo ke nan, ba hali ba ne da ake haifar wasu da shi. Saboda haka mataki na farko shi ne ka sami ƴan'uwa biyu a ikilisiya, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako kuna yi wa mutanen nan huɗu addu'a, kowa da sunansa da abin da ke damunsa.

Sai ka shirya shaidarka. Ka zauna ka rubuta ta a shafi ɗaya, yadda faɗinta ba zai wuce minti uku ba: yadda kake a da, abin da ya sa ka dogara ga Yesu, da abin da ya sauya a zamanka. In a gidan masu bi aka haife ka, kada ka ƙirƙiro wa kanka tarihin mugunta don labarin ya yi armashi. Faɗi lokacin da bangaskiyar iyayenka ta zama taka. Bayan ka rubuta, bi layi-layi ka cire kalmomin da sai ɗan majami'a ke ganewa. "An wanke ni da jini" a kunnen wanda bai saba ba wani abu ne daban, har yana iya ɗauka tsafi ne. Ka ce, "Na san Allah ya gafarta mini, kuma ga dalilin da ya sa na sani."

Ƙofofin magana ba sai ka fasa bango ba, rayuwa ce ke buɗe su. Yaron abokinka na kwance a asibiti da zazzaɓin cizon sauro, ka je dubiya, ka ce, "Malam, ka yarda in yi wa yaron nan addu'a da sunan Yesu Almasihu?" In ya ce to, ka yi ta a taƙaice. In ya ce a'a, ka ce Allah ya ba shi lafiya, gobe ma ka komo. Haka gaisuwar rasuwa, haka suna, haka ranar Kirsimeti da za ka kai musu abinci kamar yadda suke kawo maka naman layya, wani ya tambaye ka me kuke tunawa a wannan rana.

Inda aka fi yin kuskure shi ne lokaci da taro. Kada ka ɗauko zancen an kira salla, ko mai kaya na tsaye yana jiran rigarsa, balle goman ƙarshe na azumi da tela ba ya runtsawa. Kada kuma ka tare su huɗun gaba ɗaya. A gaban abokansa kowa mutuncinsa yake karewa, ko yana da tambaya a zuci ba zai fitar ba. Mutum ɗaya, a hanyar komawa gida, ya fi.

Akwai kuma abin da ya shafi sana'arka kai tsaye. 1 Bitrus 3:15 cewa ta yi mu zauna a shirye mu amsa wa wanda ya tambaye mu dalilin begenmu, da tawali'u da girmamawa. Sai an ga wani abu ake tambaya. Telan da ya ce Laraba kuma aka zo Laraba aka tarar da riga a goge, wanda yake mayar da guntun shaddar da ya rage ba a tambaye shi ba, shi ne za a saurara in ya buɗe baki.

TAMBAYA: Ɗalibi ne ni a Jami'ar André Salifou. A fadarmu, da an aza shayi sai a taso ni: "Allah uku kuke bauta wa", "Ta yaya Allah zai haifi ɗa?", "An canza Linjilarku". Kullum da hayaniya muke tashi. Me zan ce?

AMSA: Ɗanmu, kafin abin da za ka ce, ka san abin da ba za ka ce ba. Kada ka taɓa aibata Annabinsu ko Alƙur'ani, ko da an zagi naka a gabanka. Ba don tsoro kaɗai ba. Zagi ba bishara ba ne, kuma Kolosiyawa 4:6 ta ce maganarmu ta kasance da alheri, da ɗanɗanon gishiri. Kada kuma ka zama mai fassara musu littafinsu. Kai naka ka sani.

A kan ta farko, amsa a miƙe: Allah ɗaya ne, kuma Yesu da bakinsa ya faɗa a Markus 12:29. Mun gaskata Allah ɗayan nan ya bayyana kansa Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ka guji misalin ruwa da ƙanƙara da tururi, ko na ƙwai mai ɓawo da gwaiduwa. Na farkon yana nuna kamar Allah na sauya kama ne daga wannan zuwa wancan, na biyun yana yanka shi kashi-kashi, kuma ba ɗaya cikinsu da ikilisiya ke koyarwa. Mai kaifin hankali a fadar zai kama ka da su nan take.

Ta biyu ita ce mai zafi, domin abokinka da ya ji "Ɗan Allah" abin da ke zuwa ransa shi ne aure da haihuwa irin ta mutane. Ka fara da tambayarsa, "Abokina, me ka fahimta da kalmar?" In ya faɗa, ka gaya masa cewa wannan a wurinmu ma saɓo ne. Hausa da kanta na taimakonka: muna cewa ɗan gari, ɗan kasuwa, ba wanda ya ɗauka kasuwa ta yi naƙuda. Amma kada ka tsaya nan kamar laƙabi ne kawai, don in ka tsaya ka rage gaskiyar. Buɗe Luka 1:26-38 ku karanta saƙon mala'ika Jibra'ilu ga Maryamu, sannan farkon Bisharar Yahaya, inda aka kira Yesu Kalman da yake tare da Allah tun fil'azal.

Ta uku tana son tarihi. Akwai manyan kwafe biyu na Littafi Mai Tsarki da harshen Girka waɗanda aka rubuta da hannu a ƙarni na 4, ɗaya yana ɗakin karatu na Batikan, mafi yawan ɗayan kuma yana Landan. Sun girmi Hijira ta shekarar 622 da fiye da shekara 200, kuma labarin gicciye da tashin Yesu yana cikinsu kamar yadda yake a Littafinka na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932. In an ce akwai bambance-bambance tsakanin tsofaffin kwafe, kada ka musa. Akwai su, kamar ayoyin ƙarshe na Markus 16, kuma masu fassara ba su ɓoye ba. Wanda ya kama ka da ƙaramar ƙarya ba zai yarda da babbar gaskiyarka ba.

Da ka ji murya ta fara tashi, ka ce, "Mu bar shi nan, mu sha na biyu." Ka lura da wanda ya yi shiru yana saurare, sau da yawa shi ne mai tambayar gaske. Littafin da za ka nuna masa kuma ya kasance mai tsabta, ba wanda ka zazzane da biro ba, kuma kada ka aje shi a ƙasa kusa da takalma da gawayi. Yadda ka riƙe shi yana gaya masa darajarsa a wurinka.

TAMBAYA: Ina tura ayoyi kowace safiya a zauren WhatsApp na matan unguwarmu a Sabon Gari. Wasu sun fara fushi. In daina?

AMSA: Ki daina, ƴar'uwa. Zauren na biki da adashi ne, ba don wannan aka sa ki ciki ba, kuma saƙon waya yakan yi tafiya inda ba ki aike shi ba. Wadda ta nuna tana so, ki tambaye ta tukuna ko ita kaɗai ke riƙe wayar, sannan ki tura mata ita kaɗai.

TAMBAYA: Maƙwabciyata, matar aure mai ƴaƴa uku, ta daɗe muna hira a kan Yesu. Yanzu ta ce ta ba da gaskiya, tana son baftisma, mijinta bai sani ba. Ina murna, ina kuma tsoro.

AMSA: Mama, Allah ya sa wa bakinki albarka. Yanzu aikin ya koma na haƙuri da riƙon sirri. Labarin nan nata ne, ita ce za ta zaɓi ranar faɗinsa da wanda za ta faɗa wa. Kada ki kai shi taron zumuntar mata da sunan roƙon addu'a, kada a ɗauki hotonta, kada a tsayar da ita gaban ikilisiya ta ba da shaida. Ki gaya wa fasto da matarsa kawai, shi ma da izininta.

Baftisma ba a gaggauta ta. Ku karanta Bisharar Luka tare, sura 24 ce, sura ɗaya kowane zama. In ba ta karatu, ki karanta mata ko ku saurari na murya a wayarki. Da kun kai sura 14, inda Yesu ya yi maganar mai ginin da ke fara zama ya ƙididdige kuɗin aikin, ki gaya mata gaskiya ba rufa-rufa: tana iya rasa aurenta, danginta na iya juya mata baya, ana iya raba ta da ƴaƴan. Ki bar ta ta auna da kanta.

Kada ki zuga ta ta bar ɗakinta, ko ta sauya suna ko sutura. 1 Bitrus 3:1-2 ga irinta take magana, matar da halinta ke yi wa miji wa'azi ba tare da ta ce komai ba. Kada kuma ki koya wa ƴaƴan a bayan idon ubansu. Batun kuɗi ma ki kiyaye. In za ki taimaka mata da hatsi ko magani, ki yi kamar yadda kike yi wa kowace maƙwabciya, don kada gobe a ce saye aka yi, ita ma kada zuciyarta ta rikice a kan abin da ta bi.

Kafin a sa ranar baftisma, dattawan ikilisiya su amsa tambayoyi uku a tsakaninsu. In an kore ta da dare, gidan wa za ta kwana? Wa zai ɗauki cinta na wata uku na farko? Wace sana'a za ta kama? In kuwa aka kai ga barazana ga ranta, a fitar da ita daga garin a ranar, a kuma sanar da hukuma. Yesu da kansa ya ce wa almajiransa in an tsananta musu a wannan gari su gudu zuwa wancan (Matiyu 10:23).