Amsa ga uwar da siniyoyi suka farfasa wa ɗanta baya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ɗanki ɗan aji ɗaya ya dawo hutu da shatin bulala a gadon baya, ya ce siniyoyi ne, ya roƙe ki kada ki faɗa wa kowa, kina tambaya ki cire shi daga makarantar kwanan ko ki kai ƙara. Wallahi ina karantawa jikina ya yi sanyi, don irin wannan ta same ni a nan Gombe.

Kada ki yarda a ce miki haka makarantar kwana ta gada. Yadda shugaba ya riƙe ta haka take zama. Nawa yana aji biyu siniyoyi suka aike shi cikin dare ta inda katanga ta faɗi ya sayo musu indomi da sigari. 'Yan kalare, wato 'yan daban Gombe, suka tare shi a hanya suka ƙwace kuɗin. Da ya dawo hannu rabbana sai suka kwantar da shi suka zane shi da wayar wuta. Yaro ya kwanta da zazzaɓi a ɗakin kwana, ba ya zuwa aji, ba ya zuwa cin abinci, babu malami ɗaya da ya lura babu shi. Wani ɗan ajinsu ne, Allah ya yi masa albarka, ya ari wayar mai dafa abinci ya kira ni. Da na je rigarsa ta manne da ciwon, sai da aka jiƙa ta da ruwan ɗumi a asibiti kafin ta fita. Yana kuka yana cewa Umma kada ki yi magana, za su kashe ni.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne firinsifal. Na zauna a ƙofar ofishinsa tun safe har azahar, da ya iso ko kallon bayan yaron bai yi ba. Wai yaran yanzu ba su da juriya, su ma haka aka yi musu. Mutumin da ba ya kwana a makarantar! Gidan da gwamnati ta ba shi a ciki yana kulle, iyalinsa suna cikin gari. Da malaman da ke kula da ɗakunan kwana suka ga haka, su ma ana sallar magariba kowa ya kama gabansa. Dare ya zama na firfet da siniyoyi, sai wani dattijo maigadi da tocila da sanda, shi ma ya ce mini ya yi watanni bai ga ko sisi ba, alhali duk zango muna biyan kuɗin PTA. Har yau in na tuna yadda firinsifal ɗin nan yake latsa waya ina masa magana, sai na ji zuciyata tana tafasa.

In an ce tsaron makaranta hankalinmu yakan tafi Chibok da aka kwashe 'yan mata 276 a 2014, ko Dapchi a 2018, ko bam ɗin da ya tashi a wajen asambuli a Potiskum, nan maƙwabtanmu. Gaskiya ne. Amma ɓarakar da yaro zai bi ya sayo sigari ita ɗan ta'adda zai bi ya shigo. Makarantar da ba a kiran suna da dare, in an ɗauke yara goma sai gari ya waye kafin a sani. Gwamnatin tarayya ta fitar da manufar tsaro da hana cin zali a makarantu tun 2021, to wa zai aiwatar da ita in shugaban yana gida yana barci?

Ki fara kai shi asibiti, ki ajiye kati, ki ɗauki hoton bayan. Kada ki je makarantar ke kaɗai, ki tafi da babansa ko kawunsa, kuma kada ki jira ranar ziyara, ranar ana share ko'ina. Ki nemi sanin waye shugaban SBMC, wato kwamitin al'umma da ke sa ido kan tafiyar da makaranta. Kwamitin nan akwai mai unguwa a ciki, da malamin addini, da wakilan mata, da tsofaffin ɗalibai, har da ɗaliban kansu. Namu mun tarar suna ne kawai a takarda, ba su taɓa zama ba. Sai da muka haɗu mu iyaye muka je wajen mai unguwa, muka rubuta takarda muka kai kwafi Ma'aikatar Ilimi, sannan aka toshe katangar, aka fara liƙa sunan malamin da ke kan aiki kowane dare. Maganar baki ba ta zuwa ko'ina, ki rubuta.

Su ma siniyoyin 'ya'yan wasu ne, yawanci yunwa ce ke sa su ƙwace garin kwaki da sukarin ƙanana. Ki leƙa kicin ki ga abin da ake zuba musu. Ni dai na ga kunun da ake ba su da safe, kana hango gindin kofi.

Cire shi kuwa, ni na mayar da nawa jeka-ka-dawo don ya daina barci, da an taɓa ƙofa sai ya zabura. Ki duba naki, in tsoron ya kai haka kada ki tilasta masa komawa. Amma ko kin cire shi ki kai ƙarar, akwai ƙananan da iyayensu suke can Dukku ko Nafaɗa, ba su san abin da ake ciki ba. Ki yi mini magana ta akwatin sirri in turo miki yadda muka tsara takardarmu. Allah ya ba shi lafiya.