Likita na amsawa: manganis, kumburin ƙafar mai jego da batun zogale

Tambaya: Likita, na ji an ce akwai wani sinadari, manganis, mai hana jini daskarewa a jijiya. A wane abinci ake samunsa? Daga wata malama a Katsina.

Amsa: Tun tuni yana cikin tukunyarki, Malama: gero, dawa, wake, gyaɗa, alayyafo, abarba, har ganyen shayi. Mace na buƙatar kamar miligiram 1.8 a rana, namiji 2.3. Mai cin tuwon dawa da wake da wuya ya rasa wannan. Amma fa manganis ba ya hana jini daskarewa a jijiya.

Tambaya: Ni direban babbar mota ne, Kano zuwa Legas. Wani mai talla a tasha ya sayar min da ƙwayar manganis, wai tana tsinka jini. In ci gaba da sha?

Amsa: Aljihunka ya tsinka, Malam, ba jininka ba. Babu likitan da ke rubuta manganis don narkar da gudan jini. Hasali ma, yana cikin abubuwan da ke taimaka wa jini ya daskare idan an ji rauni. In ya yi yawa kuma a ƙwaƙwalwa yake taruwa, ya kawo rawar hannu da taurin jiki, musamman ga mai ciwon hanta. Miligiram 11 a rana ne iyakar babba. Ajiye ƙwayar nan. Abin tsoro a gare ka shi ne dogon zama, don yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Duk bayan awa biyu ka tsaya, ka sauko ka taka, ka sha ruwa. In ƙafa ɗaya ta kumbura, sai asibiti.

Tambaya: Kwana 12 da aka yi wa maiɗakina tiyatar haihuwa. Ƙafarta ta hagu ta kumbura, sha-raɓarta na zafi da ciwo. Mahaifiyata ta ce sanyi ne, a gasa da ruwan zafi a matse, in bai sauka ba a kira wanzami ya yi ƙaho. Daga wani magidanci a Zariya.

Amsa: Wannan wasiƙa ta tayar min da hankali. Ka kai ta asibiti yau, kada ka jira gobe. Kuma kafin ku isa kada kowa ya taɓa ƙafar nan.

Ga dalili. Jinin mai jego yana saurin daskarewa, Allah ya yi haka don kada ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa, kuma hatsarin ya fi tsanani a sati shida na farko. Ga tiyata, ga kwanciya. Kumburin ƙafa ɗaya mai zafi a irin wannan lokaci, gudan jini muke fara zargi a jijiyar cikin nama. Idan aka matsa, gudan zai iya ɓallewa, ya bi jini ta zuciya ya toshe jijiyar huhu. Nan ne za ka ji an ce ana cikin hira numfashinta ya sarƙe. Ƙaho kuwa fata kawai yake tsagawa, gudan yana can ciki inda bai kai ba. Abin da zai ƙara mata sai rauni da ƙwayoyin cuta. Wallahi na gaji da ganin ƙafafun da aka tsattsaga kafin a kawo mana.

Na san ba ka son saɓa wa Hajiya, kuma ita ma lafiyar surukarta take nema. Ka karanta mata amsar nan, ka ce likita ne ya hana. A asibiti za a ɗauki hoton jijiyar, in an ga gudan a fara allurar hefarin, maganin hana jini daskarewa. Magani yakan kai wata uku ko fiye, kuma ba ya hana shayarwa. Asfirin na kemis ba ya maye gurbinsa.

Idan ta fara haki, ko ciwon ƙirji, ko tari da jini, ko tsakar dare ne ku fita.

Tambaya: Ina shan wafarin, ƙwayar hana jini daskarewa. An ce in daina cin zogale da miyar ganye. Daga wani dattijo a Maraɗi.

Amsa: Kada ka daina, Baba. Bitamin K na ganye yana rage ƙarfin maganin, don haka ka riƙa ci daidai yadda ka saba, kada yau kwano biyu, gobe babu. Ka riƙa zuwa gwajin jini a kan lokaci. In ka ga jini a fitsari ko dasashi, ka koma wurin likitanka a ranar.